Yadda Ake Gano Wurin Tsayawa a Hanyar Kano Zuwa Abuja

Hanyar Kano zuwa Abuja ta kai kilomita 400 da 'yan kai. Duk matafiyin da ya shanye ta bai tsaya ko'ina ba ya cuci cikinsa, ya cuci idonsa, ya kuma cuci yaran gida masu jiran tsaraba. Gano inda ya cancanci a taka birki yana da ƙa'idoji, kuma suna bin tsarin hanyar kanta.

Ƙa'idar farko ita ce a sauke gilashi tun daga fitowa Kano. Abin da aka jibge a bakin titi shi ke faɗin arzikin garin. A Kura shinkafa ce. A Kwanar Gafan kuwa, lokacin rani, kwandunan tumatir ne jere jawur, amfanin noman Kadawa da ke shan ruwan madatsar Tiga. Wajen Tashar Yari, ƙasar Makarfi, sai rake. Alamar rake mai zaƙi ita ce tarin ɓawon da ke ƙarƙashin baron mai sayarwa: idan ɓawo ya yi tudu, an tabbatar mutane da yawa sun riga sun ba da shaida. Sai dai mai sayen kwandon tumatir ya tuna cewa zai zauna da shi har Abuja, kuma maƙwabcinsa na kujera mai farar shadda yana da haƙƙi.

Ƙa'ida ta biyu ita ce bin sawun direbobin tirela. Mutumin da ya shekara yana kai da komowa a titi ɗaya ba ya ajiye motarsa gaban tuwon da ya kwana. Saboda haka inda aka ga tireloli sun yi sahu, kamar Mararrabar Jos da Tafa, akwai mai shayin da ya iya haɗi mai kauri, da mai tsiren da ƙuli-ƙulinsa ke ƙamshi tun daga nesa. A nan hanci ya fi allon talla gaskiya. Hayaƙin tukuba shi ne adireshi, yawan masu tsaye da tsinke a hannu kuma shi ne takardar shaida.

Ƙa'ida ta uku ta ido ce. Kusa da Zariya akwai Dutsen Kufena, wanda tarihin Zazzau ya daɗe yana ambata. Gab da shiga Abuja kuma, a Madalla kusa da Suleja, Dutsen Zuma ke tsaye, wanda hotonsa ke bayan takardar naira 100 da aka fitar a 1999. A jikinsa akwai wani zane mai kama da fuskar mutum. Wajibi ne duk fasinjan mota ya ce ya gan ta, domin wanda ya ce bai gani ba za a yi ta nuna masa da yatsa har a wuce Zuba.

Ƙa'ida ta huɗu, wadda ta fi wuya, ita ce shawo kan direba. Direban haya ba ya tsayawa don dutse. Yana tsayawa don salla, don shan mai, ko don dattijon da ya ce zai kama ruwa. Mai hikima yakan daidaita buƙatarsa da ɗaya daga cikin ukun nan, ya kuma haɗa wa direba da ƙullin tsire, wanda kan ƙara wa tsayuwa tsawo ba tare da an busa ham ba.

A wajen ciniki, ba a nuna zumuɗi, kuma ba a biya daga kalmar "albarka" ta farko. Ana sayayya da ƙananan kuɗi, don mai talla ba ya iya bin mota da canji idan ta tashi. Duk tsaye-tsayen nan da rana ake yin su, a wurin da jama'a suke. Da magariba ta gabato, sai a haƙura da sauran, a bar su don dawowa.