Ku da Kuke Cewa "Ai Da Sai Ta Tafi"

'Yan majalisa, a matsa mini gefen benci. Na zo da maganar da na san ba za ta yi muku daɗi ba. Akwai mutane a duniyar nan da ba su da wani aiki sai nema wa matar da miji ya jibga wurin kwana. Albashi ake biyansu a kai. Wayarsu cike take da lambobin dillalai da masu gidajen haya da lauyoyi da masu gyaran ƙyaure. Na ga Alhaji ya taɓe baki tun ban dire ba: "Masu raba aure ke nan, 'yan kwangilar Turawa." To Alhaji, a riƙe wannan, za mu zo kanta.

Bari in fara tuna muku maganganunku guda biyu. Ranar da aka ji ihun matar maƙwabci, kuka ce ba a shiga tsakanin miji da mata, harshe da haƙori ma ana saɓawa, ta yi haƙuri. Ranar da aka fito da ita a adaidaita sahu, hannu a karye, ido a kumbure, kuka tafa hannu kuka ce: "Ita ma da gangan, ai da sai ta tafi." Baki ɗaya ne ya faɗi duka biyun, a kan benci ɗaya. Ni tambayata ƙarama ce: ta tafi ina?

"Gidan ubanta mana!" Na ji ku, kuma ban raina amsar ba. Yaji tsari ne mai hikima. Mace ta ji ba za ta iya ba, ta ɗauki mayafi ta nufi gida, miji ya kwana biyu yana cin garau-garau a bakin titi, sannan ya nemi dattawa su raka shi biko, a zaunar da shi a zaure a wanke shi tas, ya yi alkawari a gaban surukai. Sai dai tsarin nan an gina shi ne a kan gidan gandu mai sassa da yawa, mai rumbu a tsakar gida, mai uba da ke raye kuma ake jin kunyarsa. Yanzu ku leƙa Kurna ko Rigasa ko Unguwa Uku ku gaya mini nawa ne irin wannan gida ya rage. Uban ya yi ritaya yana bin fansho, shi kansa a ciki da falo yake da ƙannenta shida. Ko kuwa ya rasu, an sayar da gidan an raba gado, kowa ya kama gabansa. Sai gidan yaya, inda matarsa za ta yi fara'a daren farko, ta rage ta a na biyu, a na uku a fara buga kwanuka a madafa. Ga 'ya'ya huɗu, ga makarantarsu a can unguwar miji. Kafin mako ya zagayo an ce mata: "Ki koma ɗakinki, kowa da haka yake zaune." Tsadar masara ce ta yanke wannan hukunci, ba wai iyayen ba sa son 'yarsu ba.

Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya nuna cewa kashi 36 cikin 100 na matan da suka taɓa aure sun gamu da cin zarafi daga miji, ko duka, ko tilasci, ko wulaƙanci. Fiye da rabin matan da aka ci zarafinsu ba su nemi taimakon kowa ba, waɗanda suka nema kuma yawancinsu danginsu suka tunkara. Wato dangi su ne asibiti, su ne kotu, su ne masauki. Idan dangin ba su da ɗakin da ya rage fa?

Malam na can ƙarshen benci ya ce ta kama haya. Madalla da wannan shawara, Malam, ka taɓa raka mace neman haya? Je ka gani. Dillali zai karɓi kuɗin zagaye tun kafin ya tashi daga kujera. Ya kai ta ɗaki ɗaya a lungu, banɗaki na haɗaka, ya ce kuɗin shekara cif za a ajiye, ga la'adarsa a kai. A ce ma ta sayar da 'yan kunne da keken ɗinki ta haɗa. Sai mai gidan ya fito, ya dube ta daga sama har ƙasa, ya dubi yaran, ya ce: "Ina maigidan?" Ta yi shiru. Ya juya ga dillali: "Ai ka san ba na ba mace marar miji haya." Shi ke nan, an gama. Na san za ku ce tuzuru ma ana hana shi. Gaskiya ne, amma shi tsoron ake yi ya cika gida da abokai da kiɗa, ba wanda zai laƙaba masa sunan da zai bi 'ya'yansa har makarantar allo.

Abin dariyar, idan akwai, shi ne ɗakin da ta baro. Gado na iyayenta, katifa tasu, kujeru, labule, leda, firji, tukwane, har tsintsiya. Uwarta ta yi shekaru tana zubin adashi kafin ta haɗa su. Abin da ango ya kawo shi ne bango huɗu da mukulli, sau da yawa su ma na haya. Amma da rigima ta tashi, mai bango huɗu ne ke nuna ƙofa, mai kayan ce ke fita da ɗan ƙulli, sai daga baya a nemo a-kori-kura a zo kwashe kaya ana zage-zage.

To a nan ne mutanen da kuke kira masu raba aure suke shigowa, kuma aikinsu bai kai fim daɗin kallo ba. Su zauna da matar su ji me take so, don wata so take ta fita, wata kuma so take ta zauna a daina dukanta. Su tuna mata ta tattara takardun haihuwar yara da katin asibiti da katin banki ta ajiye gidan wata aminiya, domin duk wanda ya daɗe a aikin nan ya san lokacin fita shi ne mafi haɗari. Su samo inda za ta kwana yau. Gobe su bi dillali, su tsaya wa mai gida a matsayin masu lamuni, su roƙe shi ya karɓi kuɗin wata uku maimakon shekara. Su sa a rubuta takardar haya da sunanta, ba da sunan wani ƙane ko kawu da gobe zai yi fushi ya karɓe ba. Su canja kwaɗo. Su nemo wa yara makaranta kusa. Su raka ta gaban alƙali neman kuɗin ciyar da yara. Rabin aikin dillanci ne, rabi rakiya. Ban ga inda aka rubuta saki a ciki ba. Wanda ya ɗaga hannu ya riga ya yi wa auren illar da zai yi masa tun kafin su ji labari.

Yanzu mu dawo kan Turawanka, Alhaji. Gaskiya ne, gidan fakewar mata da aka fi ambata a wannan zamani a unguwar Chiswick ta birnin Landan aka buɗe shi a 1971, ƙarƙashin wata mata Erin Pizzey. Amma ka san wa ya riga ta? A birnin Alƙahira, shekara ta 684 bayan Hijira, wato 1285, 'yar Sarki Baibars ta gina wani gida da ake kira Ribaɗul Bagadadiyya, aka damƙa shi hannun wata malama. Masanin tarihin Masar, Maƙrizi, ya bayyana cewa a nan ake ajiye matan da aka saka ko mazansu suka ƙaurace musu, ana kula da su da tsari da ibada, har su yi wani aure ko su koma ɗakinsu. Kusan shekara 700 kafin Landan. Ko ita ma gimbiyar kwangilar Turawa ta karɓa?

Kuma tun da malamai ne ku duka idan ana maganar ƙarin aure, ku buɗe farkon Suratuɗ Ɗalaƙ. Hukuncin a fili yake: matar da aka saka ma a ɗakinta za ta yi idda, ba a fitar da ita. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, alƙali na iya raba aure saboda cutarwa, renon yara na hannun uwa, ciyar da su da matsuguninsu kuma na wuyan uba. Mu kuwa me muke yi? Saki da la'asar, kaya a waje kafin magariba. Wannan al'adar ce kuke karewa daga Turawa?

Kada ku ɗauka su Turawan sun iya tun farko. A garin Norristown na jihar Pennsylvania a Amurka an taɓa yin wata doka: idan aka kira 'yan sanda gida ɗaya sau uku cikin wata huɗu, sai a matsa wa mai gidan ya kori ɗan haya. Wata mata da tsohon saurayinta ke duka ta daina kiran 'yan sanda don gudun kora, har ranar da ya yanke ta a wuya, maƙwabta ne suka kira. Da ta fito daga asibiti sai ga batun kora. Ƙara aka shigar a 2013, a 2014 garin ya soke dokar ya biya ta diyya. Dokar Amurka ta kare mata daga cin zarafi tun 1994 take, amma sai a gyaran 2005 aka sa cewa ba a korar mace daga gidan da gwamnati ke tallafa wa don kawai an ci zarafinta, kuma ana iya cire sunan mai dukan daga takardar haya a bar nata. Ƙasar Ostiriya ta fi kowa gajarta zance. Tun 1997 ɗan sanda na da ikon fitar da mai dukan daga gida nan take, ya karɓe mukullinsa, ya hana shi dawowa na wasu kwanaki, yanzu mako biyu, ko da gidan nasa ne. Na ga wasu sun gyara zama. Ku kwantar da hankali, wanda ba ya duka ba ruwansa.

A nan gida ma ba a zaune ake ba. Ƙungiyar Project Alert ta buɗe gidan fakewa mai suna Sophia's Place a Legas tun 2001. Dokar hana cin zarafi ta VAPP da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2015 ta ce wanda ya kori abokin aurensa daga gida da ƙarfi, ko ya hana shi shiga, zai iya shan ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko tarar da ba ta wuce naira 300,000 ba, ko duka biyun. A Abuja ta fara aiki, sauran jihohi sai wadda majalisarta ta karɓa. Ga mai shirin tashi ya ce "mu ma mata na dukanmu": zauna, dokar ba ta ware jinsi ba. In Hajiya ta datse maka ƙofa, kai ma kana da bakin magana, in ka iya jure dariyar majalisa.

Hajiya kuma, na san kina sauraro daga bayan labule, kuma naki ƙorafin ya fi nasu nauyi. Kina cewa a tara mata a gida ɗaya ba muharrami, gari zai sa musu ido, 'yar mutunci ba za ta yarda ta shiga ba. Ina tare da ke rabin hanya. Gidan fakewa na daren tashin hankali ne da 'yan makonnin da ke biye, ba wurin zama ba ne, kuma a garuruwanmu sai an sa dattijai mata da malamai a kansa kafin a yarda da shi, kamar dai yadda gimbiyar Masar ta yi. Su kansu masu aikin a Amurka sun gano gidan fakewa kaɗai bai isa ba. A jihar Washington tun 2009 suka fara wani tsari na gaggauta samar wa mace gidan kanta, tare da ɗan kuɗin da za a kashe a kan duk abin da ya tsaya mata a wuya: cikon haya, bashin wuta, gyaran motar zuwa aiki. A wurinmu wannan na nufin kuɗin haya na shekarar farko da injin markaɗe ko jarin ƙosai, don a samu na shekara ta biyu.

"Wa zai biya?" Yawwa, yanzu muka zo maganar da ta fi ƙarfin shayi. Kano na da Hukumar Zakka da Hubusi, kuma ban san wanda ya fi cancanta da zakka kamar mace da 'ya'ya huɗu a titi ba. Gwamnatin Kano tun 2012 take aurar da zawarawa ta hannun Hisba, a Oktoban 2023 ma an ɗaura wa mutum 1,800 da amarensu, an biya sadaki, an ba da gado da katifa. Ban ji wanda ya ce wannan shisshigi ne a harkar iyali ba, tafi aka yi. Hukumar da ta iya sayen gadon shiga ɗaki ba za ta gaza ajiye 'yan ɗakuna ga wadda aka koro da tsakar dare ba, ko da a cikin waɗanda ta aurar ne.

Kuma ba sai an jira gwamnati ba, don ga masu gidajen haya nan zaune a kan bencin nan. Alhaji, ɗakin nan na gidanka na bayan masallaci da ya yi watanni a kulle, gizo-gizo na ta saƙa a ciki kyauta, kai kuma kana jiran mai mata ya zo ya cinye maka haya ya gudu kamar na bara. Akwai wata baiwar Allah mai sana'ar ɗinki da yara uku, kuɗin wata shida a hannu, mai unguwa ya yarda zai tsaya mata, limamin da kake bi salla ya san ubanta. Dillali zai kira ka bayan sallar isha'i. In ya kira, ka tambaye shi batun kuɗi da batun ruwa da wa zai riƙa share tsakar gida, duk haƙƙinka ne. "Ina maigidan" ɗin nan kaɗai nake roƙon ka haɗiye, don maigidan ne dalilin da ya sa take neman ɗakin.