Dakarun Gidan Dara

Tun 1974 da Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da wasan Dungeons & Dragons a Amurka, magidanta masu gemu ke kewaye tebur da littattafan dokoki, suna gardamar ko sahun masu garkuwa zai iya tare masu mashi. Mu nan Kankia da Kusada tebur bai dame mu ba. A tona gurabe 30 a gindin darbejiya, wannan ya ɗebi tsakuwa 12, wancan karare 12, an ja daga ke nan. Dokar dara ba ta da tsawo: in an gama zubi, ka jera uku ka ci ɗan abokin karawarka. Abin da ya rage hali ne, domin dara ba ta rufa wa kowa asiri. Ga dakarun da za ka tarar.

Na farko Sarkin Garkuwa. Shi bai zo cin kowa ba, ya zo ne kada a ci shi. Duk inda ka nufa ya riga ka, ya toshe. Zai matsa ɗa guda gaba, ya dawo da shi, ya sake matsawa, tun azahar har inuwa ta juya. In ka ce, "Baba, a taɓa wani abu mana," sai ya ce, "Yaro, ganuwa ba ta tafiya." Ba a taɓa cinye shi ba, shi ma bai taɓa cinye kowa ba, kuma wannan yake kira tarihi.

Kishiyarsa shi ne Barde Mai Wutar Ciki. Da ya hango ɗa ɗaya a sake, sai ya wargaza sahun da ya sha wuyar shiryawa ya bi shi. Ya ci ɗaya, a ci masa uku. Danginsa ne suka ja wa Sarki Harold na Ingila faɗuwa a yaƙin Hastings a 1066: sahun garkuwarsa ya tsaya daram a kan tudu, har sai da wasu suka ga abokan gaba sun juya baya, suka sauko suka bi su, aka yi musu ƙawanya. Barden namu yakan tashi yana kaɗe riga yana cewa, "Amma dai ka ga cin farkon nan!"

Sai Ɗan Lifida. Da babbar riga yake isowa, ya kafe babur, ya yi wa kansa kirari, ya lissafa waɗanda ya kayar daga Rimaye har Kafin Soli, duk ba mai shaida. A Tafkin Kwatto, cikin watan Yuni na 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya zo da dawaki da lifida, jama'ar Shehu kuwa yawancinsu 'yan baka ne a ƙasa, suka tsaya ba su watse ba, Yunfa ya sha da ƙyar. Ɗan Lifida bai ɗauki darasi ba. Almajiri zai cinye shi tas, ya ce rana ce ta haske masa ido.

Akwai kuma Alƙalin Dara. Dokokinsa ba su fitowa sai ci ya zo kansa. "Tsaya, Malam! A Kusada ba a cin ɗan da ke cikin jeri." In ka same shi a Kusada, dokar Kankia yake kawowa. Da an ba shi littattafan nan na Amurkawa, da har yau ba a gama zubi ba.

Kada a manta da Mai Hannun Riga, gwanin harin sari-ka-noƙe. Jira yake babbar mota ta danna oda a kan titin Kano zuwa Katsina, kowa ya waiwaya, kafin a juyo tsakuwa ta sauya gurbi. Wani lokaci garin sauri hannun rigar ya share nasa ɗan, ga shi ba halin magana. Dara ta ci gida.

Amma babbansu duka Kauran Gefe. A Katsina a zamanin da, Kaura shi ne jagoran yaƙi, yana gaban rundunarsa. Wannan Kauran kuwa a bayan kafaɗarka yake, yana ɓare gyaɗarka, yana ba ɓangarorin biyu shawara lokaci guda. "Toshe can! A'a, ba can ba! Kash, ai na faɗa maka!" In an yi nasara dabararsa ce, in an faɗi ba a ji maganarsa ba. Maganinsa ɗaya ne: ka miƙe, ka zuba masa tsakuwa a tafi, ka ce, "Bismillah, Alhaji, zauna ka nuna mana." Nan take zai duba agogo, ya tuna ana jiransa a Gidan Mutum Ɗaya.