Kariya ta shiga gidan Alhaji

Kariya ta shekara aru-aru a dajin ƙasar Hausa, tsakanin duwatsu, babu mai ba ta ko moɗa guda ta ruwa. Da rani ya yi tsanani sai ta kakkaɓe ganyenta ta fitar da jajayen furanni, kuma ba wanda ya taɓa ce mata sannu. Ko akuya ba ta kula ta, don ruwan jikinta dafi ne, har maharba a sassan Afirka suna shafa shi a kibiya.

Sai da manoman Tailan suka yi mata aure, suka fito da mai fure ninki-ninki, masu sayar da fulawa a bakin titunan Abuja da Nasarawa ta Kano suka jera ta a tukwane, sannan Alhaji ya gane ashe abar ado ce. Ya biya kuɗin buhun masara bai nemi ragi ba, don an ce masa daga waje ta zo.

Ita fa buƙatarta kaɗan ce: rana mai zafi, ƙasa mai rairayi, tukunya mai huda a gindi, ruwa kuwa sai ƙasar ta bushe ƙayau. Ƙaton gindin nan nata ma'ajiyar ruwa ce. Amma a gidan Alhaji abin kunya ne a ga baƙo zaune ba a ɗura masa ba. Maigadi ya ba ta ruwa da asuba, Hajiya ta ƙara da hantsi, yara suka juye mata ragowar shayi. Ranar da za a yi baƙi aka shigar da ita falo, kusa da na'urar sanyaya ɗaki, don ta shiga hoto.

Baƙin suka kewaye ta. Ɗaya ya ce, "Alhaji, ana miya da ita?" Wani ya tambayi maganin me take yi, ya faki ido ya tsinki ganye ya sa a aljihu. Allah ya kyauta.

Kafin wata ya zagayo gindi ya ruɓe, ya yi laushi. Maigadi, wanda ya tashi yana ganinta a bayan garinsu, ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwa ne ya yi mata yawa." Alhaji ya ce ina, bakin mutane ne.

Yanzu ya sayo ta roba daga Dubai, ya kuma ja wa maigadi kunne kada ya yi wasa da ban ruwa.