Mu Maƙwabtan Asibitin Malam

Mu mutanen Gyaɗi-Gyaɗi da Hausawa da Darmanawa har zuwa Unguwa Uku, kowannenmu rabin likita ne. Ba wanda ya ba mu takardar shaida, zama da maɗaukin kanwa ne ya kawo mana farin kai. Ka kuskura ka ce wa ɗan unguwarmu kanka na ciwo, kafin ka rufe baki ya tambaye ka yaushe rabonka da awon hawan jini, ya faɗa maka ranar da masu irin ciwonka ke ganin likita, sannan ya ja maka kunne kada ka karya idan za ka je, don wataƙila a ɗebi jini. Mai shayinmu ya san bambancin sikanin da hoton ƙirji. Ɗan Adaidaita Sahunmu, da ya dubi fuskar fasinja, ya san ko ƙofar emajensi zai kai shi ko wajen yankar kati.

Duk wannan ilimi albarkacin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ne, wanda a bakinmu Asibitin Malam ne kurum. Gwamnatin Tarayya ta kafa shi a 1988, shekara biyar bayan rasuwar Malam, domin ɗaliban likitanci na Jami'ar Bayero su sami inda za su koyi aiki a jikin marasa lafiya na gaske. Da fari ma ba shi da gidan kansa, a Asibitin Murtala da ke cikin birni ya raɓa, sai a tsakiyar shekarun 1990 ya tare a Titin Zariya. Tun daga nan yake ta faɗi, yau a ɗora sabon gini, gobe a buɗe sabon sashe, mu kuma muna faɗi tare da shi ta bayan katanga.

Manya idan suna lissafin girman asibiti, gadaje suke ƙirgawa da na'urori da yawan farfesoshi. Mu a nan da 'yan dubiya muke lissafi. Bature idan ya kwanta ciwo, an ce da kati da fure ake zuwa gaishe shi. Mu kuwa idan aka ba mutum ɗaya gado, gari guda ne zai taso. Ka tsaya bakin ƙofa da la'asar ka gani: bas ta tsaya daga Jigawa ko Katsina, wata ma daga Damagaram, a sauko da gwaggo da inna da kishiyar inna, kowacce da kular abinci, ga fulas na kunu, ga jariri a baya wanda mai gadi zai ce ba a shiga da shi, a tsaya ana roƙo. Kafin su kai ƙofar sai sun bi ta hannunmu. Mai ayaba da lemo da kankana ya ɗauki nasa, don ba a shiga dubiya hannu rabbana. Mai tabarma da buta da bokiti da silifa ya ɗauki nasa, don mai jinya a baranda zai kwana. Mai POS ya ɗauki nasa har sau biyu, wajen cirewa da wajen turawa. Mara lafiyar da likita ya hana cin komai sai ruwan shayi, ka tarar da farfesun kaza da tuwon shinkafa da fura jere a gefen gadonsa, a ƙarshe 'yan dubiyar ne za su buɗe su cinye, suna ci suna cewa Allah ya ƙara sauƙi.

A nan ne muke da wata 'yar matsala ta addu'a. Duk ɗan kasuwa a Kano, idan ka wuce shagonsa, Allah ya kawo kasuwa za ka ce masa. To me za ka ce wa mai kemis da ke kallon ƙofar asibiti? Me za ka ce wa mai sayar da sandar guragu da keken marasa lafiya, balle mai farin yadi? An daɗe ana wannan muhawara a majalisar bayan Magariba. Wani dattijo ya ce a riƙa cewa Allah ya ba da sa'a, kowa ya fassara yadda ya ga dama. Mai kemis ɗin da kansa ya ce, "Baba, ku bar wahalar da kanku. Ni ban taɓa roƙon Allah ya kwantar da kowa ba. Na dai ce idan ya riga ya kwantar, ya nuna masa hanyar shagona."

Shagunan kuwa ba su da iyaka. Bi ta Court Road da lungunan da ke kewaye da asibitin ka ƙirga allunan ɗakunan gwaji da na sikanin da na gilashin ido da ƙananan asibitocin kuɗi. Gidan da jiya iyali ke ciki, yau an fasa zauren an sa gilashi, an rataya allo mai hoton na'ura. Dalilin a fili yake: layi ya yi tsawo a ciki, ko an ba mutum rana mai nisa, ko maganin da aka rubuta babu shi, sai ya tsallako titi. Shi ya sa idan likitoci masu neman ƙwarewa suka shiga yajin aiki, mu ne farkon sani, tun kafin rediyo ta faɗa. Mai shayi zai ga burodinsa ya kwana, mai abinci ta rage mudu, 'yan Adaidaita su jeru suna hamma. Su kuwa asibitocin kuɗi a ranar suke ƙaro benci. Faɗuwar wani tashin wani, kuma duka biyun a layi ɗaya suke sallar Azahar.

Sai kuma harajin da muke biya na zama kusa. Duk wanda yake da gida a wannan yanki, danginsa na ƙauye sun ɗauka shi ne mataimakin shugaban asibitin. Wayar asuba ba ta wuce, "Yaya, ga mu nan tafe da Baffa, kana da wani a ciki?" Mu ma ba ma taɓa cewa babu. Kowa yana da wani: ko nas ɗin da ke haya a gidan maƙwabci, ko masinjan da kuke sallah tare, ko wani ɗalibi da bai riga ya taɓa riƙe allura ba amma tuni unguwa ke kiransa Dakta. Baƙi su zo da niyyar kwana biyu, a ce sai sakamakon gwaji ya fito, sannan sai babban likita ya gani, sannan a dawo bayan mako biyu, su kuma su ce ai komawa ɓarnar kuɗin mota ce. Uwargida tana tuƙa tuwo tana murmushin dole, yara sun koma kwana a falo. Duk da mitar da muke yi a bayan ido, ban taɓa ganin wanda ya rufe wa mai jinya ƙofa ba, kuma da za a biya kuɗin masaukin da gidajenmu ke bayarwa kyauta, da otal-otal ɗin Titin Zariya sun ji kunya.

Maganar haɗin gwiwa da Turawa kuwa, kullum da ɗar-ɗar muke fara karɓarta, kuma muna da dalili. Ba mu manta 1996 ba, shekarar sanƙarau, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, aka yi ta shari'a shekara da shekaru. Tun daga nan, da an ce bincike, sai mu gyara zama. Amma aikin da likitocin Asibitin Malam suka yi da na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka a kan yara masu sikila ya sa da yawanmu sun sassauto. Ciwon nan ba baƙonmu ba ne, kusan kowane layi akwai gidan da ake kwana ana danna wa yaro ƙafa. Abin da ba mu sani ba shi ne yana iya shanye wa ƙaramin yaro ɓarin jiki, mu da muke ɗora irin wannan a kan iska ko sammu. Ashe akwai 'yar na'ura da ake ɗorawa a gefen kan yaro, ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, idan gudun ya yi yawa a san yana cikin haɗari. A Amurka ƙarin jini ake yi wa irin waɗannan yara kusan kowane wata, abin da mu ba mu da jinin yinsa balle kuɗinsa. Sai aka gwada ƙwayar hydroxyurea a nan Kano, a Asibitin Malam da na Murtala, har da Asibitin Barau Dikko na Kaduna, aka kuma tabbatar ko ɗan ƙaramin awo na maganin yana ba da kariya. A ganina irin wannan ne haɗin gwiwar da ya ci sunansa, wanda aka auna da aljihunmu, kuma 'ya'yanmu ne suka riƙe na'urar.

Da gwamnatin Kano ta sa hannu a dokar gwaji kafin aure a 2024, har da gwajin rukunin jini na sikila, sai ga ɗakunan gwajinmu sun sami sababbin baƙi masu ƙamshin turare. Saurayi da budurwa su zo a Adaidaita ɗaya suna dariya, wani lokaci su koma a biyu. Mu da ke zaune a bakin titi ba ma tambaya, daga yadda aka riƙe ambulan muke gane ko za a ci alkaki.

Akwai kuma cibiyar gwaje-gwaje da hukumar zuba jarin ƙasa ta NSIA ta buɗe a cikin asibitin a 2020, mai manyan na'urorin hoto. Ga cibiyar lafiya ta Kumbotso, inda ake tura ɗalibai su ga yadda ciwo yake a wajen birni kafin ya iso gadon asibiti. Ga dashen ƙoda, wanda aka fara a nan tun 2002, lokacin da yawancinmu ba mu yarda ana iya ciro ƙodar wani a sa wa wani ya tashi ya ci tuwo ba. Duk muna alfahari da su, musamman a gaban mutanen Zariya, waɗanda har gobe suke tuna mana cewa asibitinsu na Shika ne babban yaya.

Sai dai alfaharin yakan tsaya a wajen biyan kuɗi. Wanda ke wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, kafin wata shida an sayar da gona, an sayar da shanu, an shiga gidan rediyo neman taimakon bayin Allah. Mukan gan su, mutanen Gashuwa da Haɗeja da ƙauyukan Kano, zaune a gindin bishiya da takarda a hannu suna lissafi da yatsu. Kuɗin da muke cewa asibiti ya kawo wa unguwa, wani kasonsa daga irin wannan aljihun ya fito, kuma mun sani. Masu hali kuwa, waɗanda da sun kwanta a nan da an gyara abubuwa da yawa, jirgin Alƙahira ko na Indiya suke bi, sai dai mu je tarbarsu a filin jirgi.

Iyaye mata na unguwa ma suna da nasu jarin. Da an ga yaro da farar riga da abin awo a wuya, sai a fara aika masa da abincin dare, ana tambayar ɗan wane gari ne. A yi haƙuri shekara shida na karatu, idan yajin aikin jami'a bai ƙara ba, a ƙara da shekarar koyon aiki da ta bautar ƙasa. Ranar da aka ce ya tsaya da ƙafarsa, sai a ji yana haɗa takardun Saudiyya ko Ingila. Wata Hajiya ta ce ita ba ta ƙi ba, in dai da 'yarta za a tafi, kuma in son samu ne Saudiyyar, ko ta sami Umara. Mai gidan hayarsa ne kaɗai ba ya baƙin ciki, don kafin a kwashe kaya dillali ya kawo wani likitan, an kuma ƙara kuɗi.

Kuɗin haya da na fili su ne ciwon da ba a yanka masa kati. Kowane gida a nan akwai labarin wani kawu da aka yi wa tayin fili a bayan asibitin tun wurin yana bakin gari, ya ce shi ba zai kai iyalinsa daji kusa da mutuware ba, ya sayi babur da kuɗin. Jikokinsa ne yanzu ke haya a ɗaki biyu a kan wannan filin. Da aka tashi 'yan kasuwar magani daga Sabon Gari aka mayar da su sabuwar kasuwa a Dangwauro, can gaba a kan Titin Zariya, sai dillalai suka sami sabon wa'azi. Kullum suna majalisarmu: "Alhaji, ka sayi ko rabin fuloti ne a can, kada a maimaita na kawu." Mu kuma mu ce za mu yi shawara, mu tambayi nawa ne, a faɗa, mu yi salati, mu ce ai wurin ya yi nisa da gari.