Tsohon Rumbu da Sabuwar Amarya: Zuwa ga Bawana na Dungu

Bawana, ɗan goggona, ina gaisuwa, ko da yake kai ya kamata ka fara, tunda ba a taɓa ganin ubangida ya durƙusa wa bawan gidansa ba. Ya Dungu? Ya mutanen fadama? Na ji raken bana ya yi kyau, har aljihunka ya yi nauyin da ya hana ka barci.

Labari ya iso ni nan Damagaram, kuma ba baki ɗaya ya kawo shi ba. An ce ka bi ta Matameye, ka ƙetare Ɗan Barto da Kwangwalam, ka ratsa Daura, sai Kano. Ka shiga kasuwar Farm Centre, ka sayo kwamfutar cinya sabuwa ful, siririya kamar faifan rufe ƙwarya. Allah ya sa alheri, ya kashe 'yan gaba. Sai dai mai ba ni labari ya ce ba kai kaɗai ka tafi ba. Ka tafi da wani ƙunshi a tsohon zanen goggo, kana rungume da shi kamar jinjiri. Da aka kwance, sai ga rumbun tsohuwar kwamfutarka ta gwanjo, wadda ta cika damina uku da suka wuce. Ka ce wa mai shago ya nuna maka inda ake sa "dis-dur", yadda muka koya a bakin Faransa. Yaron ya ce, "Au, had-dis?" Kai kuwa ka gyara zama, ka nutsu, ka zaci hadisi zai ja maka.

Da ya ce ba shi da wurin shiga, ka ce Bakano ne, so yake ya sayar maka da wani abu. Ka dawo gida, ka kifa amaryar a kan tabarma, ka ɗauko wuƙar fere rake kana neman ƙofa. Ba don matarka ta fi ka hankali ta ƙwace wuƙar ba, da yanzu ta'aziyya nake rubuto maka.

To, saurara, tunda Allah ya ba ka ubangida mai ilimi. Ƙarfen nan naka ba dangin amaryarka ba ne. A cikinsa akwai fayafayai masu sheƙi da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu da ke shawagi a kansu yana karatu da rubutu ba tare da ya taɓa su ba. Kakansa na farko kamfanin IBM ya fito da shi a Amurka a 1956: fayafayai 50, nauyi kusan tan guda, kuma abin da yake ɗauka bai wuce haruffa miliyan 5 ba, wato hoto ɗaya ko biyu na wayar zamani. Naka mai giga 80 ya ninka shi sau 16,000, don haka kada ka raina shi. Amma ita sabuwar ba ta da faifai ko ɗaya. Rumbunta SSD ne, ɗan allo mai tsawon ɗan yatsa, ba ya juyi, ba ya kuka. Kana so ka cusa buhun gero a aljihun taguwa.

Ka duba bayan ƙarfen naka. Za ka ga haƙora jere sahu biyu, wajen 40, inda wata faffaɗar waya mai kama da ɗamara take shiga. Wannan shi ake kira IDE, tsarin da aka fara tun 1986. Kusa da haƙoran akwai wata 'yar hular roba, ba ta kai ƙwayar wake ba. A nan ne nake so ka buɗe kunne, domin kanmu ake magana. A zamanin IDE, rumbu biyu ne ke raba waya ɗaya, kuma dole a tantance matsayin kowa da wannan 'yar hula. Sunan da masu ƙera shi suka sa wa matsayin biyu, wallahi ba ni na ƙirƙira ba, shi ne ubangida da bawa. In duka biyun suka ce su ne ubangida, kwamfuta sai ta rikice, ta ƙi ganin kowa. Ka gani? Har injiniyoyin Amurka sun san abin da kakanninmu suka sani: ɗan namiji a gaba, ɗan mace a baya, sai gida ya zauna lafiya. Daga 2003 aka shigo da SATA, kowane rumbu da wayarsa siririya, aka daina wannan rabon. Kwamfuta ta 'yanta bayinta. Kai dai har yau ban ga takardarka ba.

Kada ka kumbura baki. Wasan nan namu na taubasai, tare da na Barebari da Fulani da sauransu, UNESCO ta sa shi cikin kundin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. In ka yi fushi, ba da ni ka yi ba, da Majalisar Ɗinkin Duniya ka yi.

Na kuma ji burinka, kuma shi ya fi ba ni dariya. Wai so kake sabuwar ta tashi da tsohon rumbu, don ka ga koren tudun nan da shuɗin sama na Windows XP da ka saba da su. Sabo turken wawa. XP ta fito a 2001, kuma Microsoft ta daina kula da ita ranar 8 ga Afrilu, 2014. Ko Windows 10, jikanyarta, an yaye ta a Oktoban 2025. Tsohuwar ba ta san kayan cikin sabon injin ba, ba ta jin yarensu, shi ma ba ya tashi ta hanyar da ta sani. Kamar ka ɗauko tsohon ɗan kabu-kabun Matameye ne ka ɗora shi a kujerar matuƙin jirgin sama, ka ce ai tuƙi tuƙi ne. Ko da ta yiwu, me ka samu? Ka sayi doki ka ɗaure shi a bayan jaki.

Maganin abin ba shi da tsada, kuma ba ya bukatar wuƙa. Akwai wata waya da ake sayarwa, kai ɗaya USB, ɗaya kan kuma yana da bakin IDE da na SATA. Tsohon zai zauna a waje, a kan tebur, kamar baƙon da aka sauka a zaure, ba a kai shi ɗakin amarya ba. Sai dai ka kula: babban rumbu irin naka, mai inci 3.5, yana cin wuta bolt 12, kuma ramin USB bolt 5 yake bayarwa. Don haka sai ka sayi wayar tare da abin wutarta. Ƙaramin na kwamfutar cinya, mai inci 2.5, shi ne ke ƙoshi da USB kaɗai. Naka irinka ne, ba ya ƙoshi da akushi ɗaya. Galibin waɗannan wayoyi sun fi son a mayar da 'yar hular nan wurin ubangida. Kada ka yi murna. Sarauta ce ba talakawa, irin wadda kake yi a gidanka in uwargida ta tafi unguwa.

Ranar da za ka haɗa, kada ka yi a tsakar gida cikin ƙurar hunturu, kada kuma ka kwance murfinsa don ka ga abin da ke juyawa, na san halinka. Tazarar da ke tsakanin hannun nan da faifai ta fi ƙwayar ƙura ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ƙura ɗaya ta shiga, kamar dutse ne a gaban mai gudu. Kada ka motsa shi yana aiki. Kuma ka tabbata wutar za ta kai ka ƙarshen aiki. In batirin fanonka ne, ka bari ya sha rana ya ƙoshi, domin ɗaukewar kuran ana tsakar rubutu na lalata abin da ake rubutawa. Sannan ka kasa kunne. In ka ji shuuu mai laushi, da sauran rai. In ka ji ƙyas, ƙyas, ƙyas kamar tsaka a bango, kashe maza. Kowane kunnawa bayan wannan ƙarin rauni ne, sai a kai wa masu sana'a.

In ya buɗe, wata tambaya na iya fitowa, wai ko kana so a yi masa foma kafin amfani. Na san ka da danna "to" ga duk abin da ba ka gane ba, haka ka yi har aka ɗaura maka aure. Wannan karon ka ce a'a. Ka fara sa maganin ƙwayar cuta ya bincike shi tukuna, don na tuna tsohuwar taka: babu kilen USB da bai kwana a jikinta ba, daga na 'yan lakwal har na masu tura finafinai. Cutar nan mai ɓoye fayil ta bar maka gajerun hanyoyi na ƙarya, a wurinka ta yi digiri. Akwai kuma manhaja kyauta, CrystalDiskInfo, mai karanta rahoton lafiyar da rumbu ke rubuta wa kansa: shuɗi lafiya, rawaya a yi hattara, ja a kira dangi.

Yanzu ga abin da ya sa na ɓata tawadata a kanka. Ba don finafinan Indiya da ka tara ba, ba don lissafin bashin rake da ba ka da niyyar biya ba, ba kuma don wasiƙun nan da ka rubuta wa wata 'yar Kance da Faransancin da ko mushenka ba zai gane ba. A cikin ƙarfen nan akwai hotunan Kaka. Waɗanda ka ɗauka ranar sunan ɗanka na fari, tana zaune a gindin darbejiya, tana yi mana faɗa mu biyu a kan ƙashin kaza. Akwai muryarta tana ba jikoki tatsuniya. Ita ta haifi ubana, ita ta haifi uwarka, kuma duk zuri'ar nan babu mai ko ɗaya daga cikin waɗannan sai wannan ƙarfen da ka ɗora a bayan babur kana bin ramuka da shi. Ka fara kwashe su kafin komai. Ka zuba a sabuwar, ka zuba a kile, ka turo mini nawa. Manomin Dungu ba ya tara irin shukarsa duka a rumbun da gara ta fara ci, ya ce ai bara bai rushe ba. Da tsohuwar zuma ake magani, gaskiya ne, amma sai an juye ta daga tulun da ya tsage.

Bayan ka kwashe, kana da zaɓi. In lafiyarsa shuɗi ce, ka bar shi rumbun bayan gida, wurin ajiye kwafi na biyu, ba na farko ba, ba kuma na ƙarshe ba. In kuwa ka ce sayarwa za ka yi, don na san ko ƙusa ba ka yarwa kyauta, to ka sani goge fayil ba sharewa ba ne, kuma fomar gaggawa sunayen kawai take cirewa, hatsin na nan. A 2003 wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT a Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, sun ba da rahoton tsofaffin rumbuna 158 da suka saya a gwanjo: 12 kawai aka share yadda ya kamata, kuma sun tsinci lambobin katin banki sama da 5,000. A 2009 ɗaliban aikin jarida daga Kanada sun sayi wani a Gana kan dala 40 ta Amurka, suka tarar da takardun kwangilar tsaro na kamfanin Northrop Grumman a ciki. In asirin Amurka ya tonu a kasuwar gwanjo, ina ga wasiƙun 'yar Kance? Ka yi masa cikakkiyar foma, mai ɗaukar sa'o'i, wadda ke bin kowane lungu tana rubuta sifili.

Kada kuma ka ce tunda haka ne bari ka jefa shi bola ba ka duba ba. Wani Bature, James Howells, a garin Newport na Wales, rumbunsa ya tafi juji a 2013 da mabuɗin bitkoyin 8,000 a ciki. Ya shekara fiye da goma yana roƙon hukumar gari ta bar shi ya tona, har kotu ta kori ƙararsa a Janairun 2025. Na san naka ba bitkoyin a ciki, ko dala biyar babu. Amma shi abin da ya rasa kuɗi ne, ana iya samun wasu. Muryar Kaka ba a sayar da ita a Farm Centre.

Watan cika-ciki na tafe, kuma na san za ka turo yaro karɓar kuɗin shara kamar kullum, alhali rabonka da tsintsiya tun kana lakwal. Bana ba sefa ko ɗaya. Na riga na sayi wayar nan da abin wutarta a kasuwar Dole, zan ba direban Matameye ya kawo maka. Ita ce kuɗin shararka. Ka kwashe, ka turo, ka share. Ranar da na ji muryar tsohuwa a wayata, zan yi tunanin 'yanta ka.

Tunani kawai na ce. Ka gaida goggo, ka ce ta ɓoye wuƙar.

Ubangidanka na Damagaram.