Mazhabar "Bai Dace Ba"

A birnin Sakkwato, wanda Muhammadu Bello ya kafa a 1809 domin ya zama mazaunin ilmi da adalci, akwai wata mazhaba ta biyar wadda ba ta da limami sananne, ba ta da littafi, ba a kuma darasinta a zauren kowane malami, amma hukuncinta ya fi na Muhtasar saurin zartuwa. Sunanta "Bai Dace Ba", masu fatawarta kuwa su ne gwaggonni da maƙwabta da dattawan majalisa bayan la'asar.

Malaman Malikiyya sun tsayar da mafi ƙarancin sadaki a kan rubu'in dinari ko dirhami uku. Mazhabar nan ba ta musanta wannan ba, don tana da ladabi; sharhi kawai ta yi masa, sharhin da ya haɗiye matani, har ya zamana saurayin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, idan ya kai lefe akwati biyu, za a buɗe, a ƙirga atamfofi, a yi salati, sa'an nan a yi ijma'i cewa ya wulaƙanta zuri'a tun daga kakanni.

Babin sutura ya fi ban tausayi. A watan Afrilu, sa'ad da zafin garin nan kan haura digiri 40, har kadangaru su nemi inuwa, za ka ga bawan Allah ya fito daga Mabera zuwa ɗaurin aure a Masallacin Shehu cikin shadda mai sitaci hawa uku, ya ɗare kabu-kabu yana tattare hannun riga kada taya ta cinye shi, gumi na tsiyaya ta ƙarƙashin hula, alhali da ya sa taguwa ɗaya da auren ya ɗauru sarai. Amma ina, wa zai gan shi a taguwa! Daga nan ya zarce Hubbare ziyarar Shehu Usmanu, mawallafin Ihya'us Sunna wa Ikhmadul Bid'a, yana ta gyara zaman rigar a kafaɗa.

Telan da ya ɗinka rigar kuwa, da ya biyo sawu yana neman haƙƙinsa, sai dattawan majalisa suka ja shi gefe, suka yi masa nasiha mai ratsa jiki cewa tambayar bashi ranar farin ciki bai dace ba. Ya nemi a sanar da shi ranar da ta dace, aka ce ya saurari bayan suna.