Sifana Mai Lamba 10

Surukina ba mutum ne mai roƙo ba. Saboda haka da ya aiko daga Shanga cewa zai kwana gidana a Yelwa, washegari in kai shi ɗaurin aure Wara tare da wasu dattijai biyu, na san jarrabawa ce ta zo. Na sa yara suka wanke motar har cikin tayoyi. Na cika tanki, abin da rabona da yi tun da aka cire tallafin mai a 2023. Da sassafe na sa shaddata ta Juma'a, na shiga, na yi bisimilla, na murɗa makulli. Mota ta ce ƙyat-ƙyat-ƙyat, fitilun gaban direba suka lumshe, ta yi tsit.

Kafin in fito, yaran unguwa sun jeru a bayanta suna nannaɗe hannun riga. A unguwarmu ba a tambayar abin da ke damun mota, turawa ake yi. Na yi musu bayani cewa otomatik ce, ba ta da kuloci, ko Kontagora za su kai ta ba za ta tashi ba. Suka saurare ni cikin ladabi, suka turo ta daga inuwar dogonyaro zuwa tsakiyar rana, suka watse.

Uwargida ta leƙo daga zaure ta ce, "Malam, a kira mai wayarin mana."

Na ce mata waya biyu ce kawai a jikin batir, ja da baƙa, kuma mutumin da ke koyar da lissafi ba zai biya kuɗi a ƙirga masa biyu ba. Na ma riga na gano cutar. Zafin Yauri na watan Afrilu yana ƙone ruwan batir, yana cin darmar da ke cikinsa, batirin da zai daɗe a ƙasar sanyi a nan da wuri yake tsufa. Nan take na yanke wa tsohon batirina hukunci, na tare ɗan kabu-kabu sai shagon kayan mota.

Mai shago ya tambaye ni lamba nawa, na ce 75. Ya ce, "Kan dama ko kan hagu?" Na ce masa ai ba takalmi na zo saya ba. Ya buɗe baki, ya dubi babbar rigata, ya rufe, ya miƙo wanda ya fi kusa da shi. Na ɗora a cinya muka kamo hanya. Abu ne ɗan ƙarami ga ido, amma yana tasam ma kilo 20, don darma ce zalla kwance cikin ruwan asid, ɗaki shida, kowanne yana ba da bolt 2 da ɗan ɗoriya. Wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya ƙirƙiro shi a 1859, kuma cinyata ta shaida cewa tun daga ranar ba wanda ya tuna ya rage masa nauyi.

A gida na zazzage akwatin kayan aiki. Ga sifana 12, ga 13, ga 14, har da 17 wadda ban san ranar da ta shigo gidan ba. Babu 10, ita ce kuwa ke kwance kan batir. Na aika gida-gida, kowa ya rantse yana da ita jiya. Daga ƙarshe aka same ta wurin maƙwabcina, Basarke ne mai kwalekwale da injin Yamaha, ya ɗaure ta da igiya a wuya saboda sanin darajarta. Don jin daɗi na ce masa, a gaban shaidu, tsohon batirin nasa ne kyauta. Ya yi godiya, ya biyo sifanarsa, ya tsuguna gefe.

Na fara da jan kai, tunda shi ya fi ɗaukar ido. Na murɗa, na ƙara murɗawa, gindin sifana ya taɓa ƙarfen mota. Abin da ya biyo baya ban gan shi duka ba. Na dai ji fau! Na ga shuɗin haske, na tsinci kaina zaune kusa da turken akuya, akuyar kuma ba ta nan. Hulata sai da la'asar aka gano ta a kan danga.

Maƙwabcina bai ko motsa ba. Ya ce, "Malam, baƙin aka fara kwancewa, shi aka kuma ɗaurewa ƙarshe." Ya ce baƙar wayar da jikin mota take haɗe, saboda haka muddin tana ɗaure, duk ƙarfen motar nan waya ce. Ka sa sifana a jan kai ta taɓa jiki, ka haɗa wuta da hannunka. In ka cire baƙar tukuna, ka taɓa inda ka ga dama. Na ce me ya hana ya faɗa tun ɗazu. Ya ce, "Na ga kai malami ne."

Aka bi shawararsa. Kawunan duka sun yi wani farin gari mai kore-kore, na hure shi, na rungumo tsohon batirin a ƙirji na kai masa har ƙofar gida.

Ina dawowa na tarar an shimfiɗa wa surukina tabarma a gindin dogonyaro, shi da dattijan, sun sha rawani suna jan carbi. Na durƙusa daga nesa na ce, "Baba, yanzun nan in sha Allahu." Bai dube ni ba. Bagunge ne, yana saurayi aka tashe su daga tsibirinsu lokacin da aka datse Kwara a Kainji a 1968, ruwa ya shafe gonakin albasarsu. Sai ya juya ga dattijon da ke damansa, ya ce a hankali, wai su an raba su da kushewar kakanninsu don a ba Najeriya wuta, har a tsallaka da ita Yamai, ga shi yau a bakin ruwan nan an rasa wadda za ta tada mota ɗaya.

Na zura sabon batir a mazauninsa. Waya ɗaya ta faɗa kanta sakwa-sakwa, ɗayar ta ƙi shiga sam. Daga baya na ji cewa da gangan ake yin kan ja ya fi na baƙi kauri, don kada a haɗa su a juye. A lokacin dai na ɗauka sakacin masu ƙira ne, kuma har gobe ina ganin da sun so da sun rubuta da manyan baƙaƙe. Na sa sukudireba na buɗa bakin, na aika a kawo taɓarya. Bugu ɗaya ta zauna. Wani abu ya ce ɗas a cikin baƙin akwatin da ke gefe, wari ya tashi. Na murɗa makulli. Wannan karon ko ƙyat ɗin ba ta ce ba.

Sai ga wani yaro a kan keke, da ɗan mita a aljihu. Ashe uwargida ta aika tun ina shago. Ko ubangidansa ba a turo ba, ɗan koyo ne, gemu bai fito masa ba. Ya leƙa ya ce, "Baba, wa ya yi wanga aiki?" Na ce mutane da yawa sun sa hannu. Ya ce batirin na kan hagu ne, motar kuma na dama take so, an haɗa shi baibai, babban fis ya ƙone. In gode wa Allah, in ji shi, da fis ɗin bai sadaukar da kansa ba da altaneta ce ta tafi. Sannan ya shafa farin garin da ke bakin wayoyin, ya ce ina tsohon.

Muka ɗunguma gidan maƙwabcina. Yaro ya ɗora mita: 12.5. Ya ce lafiyarsa lau, dattin nan ne ya hana wuta wucewa, da an zuba masa ruwan zafi da 'yar kanwa an goge an ɗaure, da yanzu mun wuce Birnin Yauri. Na dubi maƙwabcina. Ya dubi shaidunsa, waɗanda duk suka biyo mu.

Surukina da dattijansa a motar haya suka tafi, tsakanin buhunan busasshen kifi. Mai shago ya ƙi karɓar batirinsa, wai akwai sawun taɓarya a kai, dole yaron ya ƙara wa wayoyin tsawo. Shaddar kuwa da aka wanke ta, ƙirjinta duk ya zube, sai wuyan da aikin ya riƙe.

Maƙwabcina ya haɗa batirin da ɗan faifan sola, yana caja wa mutanen unguwa waya. Ni yana yi mini ragi.